Wa Zai Tsaya wa Hausa Shaida a Yanar Gizo?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu wani abin takaici ne da ya same ni, wanda da farko na ɗauka ni kaɗai aka zalunta, sai daga baya na gane ashe ciwo ne da ya shafi duk mai rubutu da harshen Hausa.

A bara na yi wani ɗan nazari a kan kalmomin da haƙar kuza ta bari a bakin mutanen Jos da Bukuru. Na yi makonni ina bin dattawa a Gangare da Dilimi, wasunsu 'ya'yan leburorin da aka kwaso aikin tilas ne tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, Turawan Ingila suka juyo da ƙarfinsu kan kuzar Filato. Na tattara kalmomi irin su heluma da kwangila da kwanon sarki da loto, na bi yadda ma'anarsu ta sauya daga bakin rami zuwa cikin gari. Da na gama sai na ɗora aikin a wani ɗan shafi na kyauta da na buɗe a intanet, ina ta murna cewa duk wanda ya nemi wani abu a kan Hausar barikin kuza zai ci karo da ni. Aka yi wata uku shiru. Ran nan sai na ɗauki jimla guda daga cikin rubutun nawa, na zuba wa Google ita. Me zan gani? Rubutuna ne ya fito a sahun farko, amma a wani babban shafi da ban taɓa hulɗa da shi ba, an kwashe shi kaf har da kurakuran bugu da na yi, an cire sunana. Nawa kuwa na asali sai da na gangara can ƙasa kafin na hango shi.

Na kai kukana wurin wani abokina da ke karanta ilimin kwamfuta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mutumina, shafi nawa ne a duniya suka nuno naka?" Na ce ban gane ba. Ya ce, "Wa ya taɓa sa mahaɗi a shafinsa wanda in an latsa zai kawo mutum wurinka?" Na yi shiru, domin amsar ita ce babu ko ɗaya. Sai ya yi dariya ya ce, "To ai kai baƙo ne da ya shigo gari ba mai masauki. Wanda ya sace maka kuwa ɗan gari ne, kowa ya san gidansu."

Wannan magana ita ta sa na zauna na karanci yadda abin yake, kuma ina ganin ya kamata kowane ɗalibin harshe ya san shi, ko da kuwa bai da niyyar zama masanin kwamfuta.

Mahaɗi, wanda wasu marubutan fasaha ke kira rariyar liƙau, shi ne ɗan rubutun nan mai launin shuɗi da in ka latsa shi zai ɗauke ka daga shafin da kake zuwa wani. Injin bincike irin su Google, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Matambayi Ba Ya Ɓata, yana da wasu manhajoji da ke yawo dare da rana suna bin waɗannan mahaɗai daga shafi zuwa shafi, suna kwafe abin da suka gani suna kaiwa rumbu. Turawa kan kira su gizo-gizo, kuma sunan ya dace, tunda a kan yana suke tafiya. Shafin da babu zaren da ya iso shi, da wuya gizon nan ya leƙa shi, in ma ya leƙa ba zai ɗauke shi da muhimmanci ba.

Kafin zuwan Google, yawancin injinan bincike sun fi dogara ne ga kalmomin da ke cikin shafin kansa. In ka nemi "kuza", sai su duba wane shafi ne ya fi ambaton kuza. Nan da nan 'yan wayo suka gane lagon, suka riƙa cusa kalma ɗaya sau ɗari a ƙasan shafi, wani lokaci da farin rubutu a kan farin fili yadda ido ba zai gani ba. A 1996 wasu ɗalibai biyu masu neman digirin digirgir a Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aiki da suka sa wa suna BackRub, wanda a 1998 ya zama kamfanin Google. Tunaninsu shi ne a daina tambayar shafi abin da yake faɗi game da kansa, a tambayi abin da sauran shafuka ke faɗi game da shi. Kowane mahaɗi da ya shigo maka daga waje kamar ƙuri'a ce aka jefa maka. Wannan lissafi shi suka kira PageRank.

Sai dai ƙuri'un ba nauyinsu ɗaya ba. Shafin da shi kansa ya sami ƙuri'u da yawa, tasa ƙuri'ar ta fi nauyi. Kuma nauyin nan rabawa ake yi. Alal misali, a ce wani shafi yana da maki goma, ya kuma nuna shafuka biyar, to kowannensu kusan maki biyu zai samu; in kuwa shafuka ɗari ya nuna, abin da zai iso ka bai taka kara ya karya ba. Page da Brin sun kwatanta abin da wani mai yawo a intanet wanda ba shi da alƙibla, yana ta latsa duk mahaɗin da ya gani. A lissafinsu, sau 85 cikin 100 zai latsa ya ci gaba, sau 15 kuma zai gaji ya tsallaka wani wuri dabam. Darajar shafinka ita ce yawan yiwuwar wannan ɗan yawo ya faɗo gidanka. Ni a wancan lokaci babu ko ƙaramar hanya da ta biyo ta ƙofata.

Da na fahimci wannan sai na ga ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san cewa ba a karɓar magana don daɗinta kawai, sai an tambayi isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi kuma wancan wane ne ya amince da shi? Shaidar mutum ɗaya amintacce ta fi ta mutum goma da ba a san su ba. Misali kawai nake bayarwa, ban ce abu ɗaya ba ne, domin malaman hadisi gaskiyar mai ruwaya suke aunawa, injin kuwa yawan masu nuni yake ƙirgawa, kuma tsakanin biyun akwai tazara mai nisa. Haka nan wanda ya san kasuwar Farin Gada ya san cewa baƙon da ya sauke buhunan dankalin Turawa ko kwandunan tumatir, kome kyawun kayansa, sai ya sami dillalin da zai ce "na san shi" kafin ciniki ya kankama. Su kansu Page da Brin daga al'adar jami'a suka aro dabarar, wato yadda ake auna darajar maƙala da yawan maƙalun da suka ambace ta, abin da Eugene Garfield ya tsara tun a 1964. Kenan abin da malamanmu ke ta faɗa da mu a kai, cewa mu riƙa ambaton madogara, shi ne ginshiƙin da aka kafa Google a kansa.

Akwai wani ɓangare da ya fi shafarmu a matsayinmu na ɗaliban harshe, wato kalmomin da aka rubuta a jikin mahaɗin. Injin yana ɗaukar su a matsayin bayanin abin da ke can gaba. In mutane da yawa suka nuna shafinka da kalmomin "Hausar barikin kuza", zai ɗauka ainihin abin da ke ciki kenan. Ƙarfin wannan abu ya fito fili a 2003, lokacin da wasu masu adawa da shugaban Amurka George W. Bush suka haɗa baki suka riƙa nuna tarihin rayuwarsa da ke shafin Fadar White House da wasu kalmomin Turanci biyu masu ma'anar "mummunar gazawa". Sai ya zama duk wanda ya nemi waɗannan kalmomi, shafin shugaban ne ke fara fitowa, alhali babu su a cikinsa ko sau ɗaya. Sai a farkon 2007 Google ya toshe wannan kafa. Ka ga kenan sunan da jama'a suka kira ka da shi yana iya danne wanda ka raɗa wa kanka.

To a nan ne maganar ta dawo gida. Wani ɗan ajinmu da ya zo daga Sakkwato ya ba ni labarin cewa da ya sami gurbin karatu a nan, yayansa ya shiga intanet ya nemi labarin Jos, abin da ya tarar ya sa saura kaɗan a hana shi zuwa. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, da gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002. Ban ce a ɓoye waɗannan ba. Sun faru, an rasa rayuka daga kowane ɓangare, kuma waɗanda suka mutu sun cancanci a rubuta abin da ya same su. Amma mu tambayi kanmu dalilin da ya sa su ne a sama. Idan rikici ya tashi, manyan kafafen labarai na duniya ne ke rubutawa, dubban shafuka kuma su nuna su, ƙuri'u su taru. Idan aka yi shekara ana zaman lafiya, ana ciniki tsakanin Bahaushe da Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Bayarabe da harshen Hausa, babu mai rubutawa, in ma wani ya rubuta babu mai nunawa.

Kuma ba don garin ya rasa abin faɗi ba ne. A nan Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi a 1952, inda aka ajiye sassaƙen yumɓun Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa. A harabarsa akwai wurin da aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. A nan ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914 don ɗaukar kuza, ya yi aiki har 1957. A nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978. A nan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take da mazauni, kuma ba a iya ba da tarihin fim ɗin Hausa a tsallake gudummawar 'yan Jos. A nan aka haifi Ahmed Musa da Mikel Obi. Ga kuma karin Hausar Jos kanta, wadda 'yan Kano ke yi mana dariya a kai, alhali taska ce ga mai nazarin yadda harshe ke rikiɗa idan ya zama na kowa da kowa. Nawa daga cikin waɗannan ne aka rubuta da Hausa a intanet, rubutu mai zurfi, wanda kuma wasu shafukan suka nuna?

A ganina laifin namu ya fi na Google yawa. Hausawa ba su yi ƙarancin rubutu ba. Ku duba yadda littattafan soyayya da muhawarar addini da ta siyasa ke kwarara a WhatsApp da Facebook kullum. Matsalar ita ce inda muke zuba shi da yadda muke yaɗa shi. Abin da aka rubuta a zauren WhatsApp, gizon Google ba ya ganinsa sam, tamkar hirar cikin ɗaki ce. Sannan ga muguwar ɗabi'ar nan ta kwafe rubutun mutum gaba ɗaya a liƙa a wani wuri, in an yi adalci a rubuta "an ciro" a ƙasa, ba suna ba mahaɗi. Mai yin haka yana ganin taimakon ilimi yake yi, alhali ƙuri'ar da ta kamaci marubucin ce ya yaga. In rubutu ɗaya ya watsu a wuri talatin babu wanda ya nuna asalinsa, injin zai zaɓi wanda ya fi ƙarfi a cikinsu ya ɗora a sama, kamar yadda aka yi mini.

Akwai kuma ƙyashi, mu faɗi gaskiya. Na taɓa roƙon wani mai shafin adabi ya nuna wani nazari da wata 'yar ajinmu ta yi a kan waƙoƙin talla, tunda ya yi amfani da shi. Ya ce in ya sa mahaɗi masu karatunsa za su gudu can su bar shi. Wannan tunanin mai ƙaramin shago ne da ke tsoron a san akwai wani shagon a layin. Amma ai layin da ya cika da shaguna shi ake kira kasuwa, can kuma masu saye ke zuwa. Shafukan Turanci sun yi nauyi ne domin sun sarƙe da juna kamar saƙar tabarma. Namu kuwa kowa ya kafa bukkarsa a daji shi kaɗai.

Na san za a ce mini kaya mai kyau shi ke sayar da kansa. Ban yarda ba, ko a kasuwa ma ba haka abin yake ba, balle a wurin da shafuka suka kai biliyoyi. Za kuma a ce wannan tsari bai da adalci, domin mai shi ake ƙara wa: wanda ke sama shi ake gani, wanda ake gani shi ake nunawa, wanda ake nunawa shi ke daɗa hawa. Wannan kam gaskiya ne, kuma harsuna irin namu su ne suka fi cutuwa. Amma sanin cewa kogi ya fi ƙarfinka ba dalili ba ne na ƙin koyon iyo.

Wata suka da ta fi waɗannan ƙarfi ita ce zamanin mahaɗi ya wuce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 2016 Google ya daina nuna wa jama'a makin PageRank, ko da yake a shekarar ce wani jami'insa ya lissafa mahaɗai cikin abubuwa uku mafi nauyi wajen jera sakamako. A 2023 kuma wani jami'in ya ce sun fita daga cikin ukun farko. Tun 2024 Google ya fara ɗora amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamako, ta yadda mutum zai iya samun biyan buƙata bai latsa kome ba. To amma ita wannan basira daga ina take ɗebo amsar? Daga abin da aka rubuta, aka kuma gano. In an tambaye ta labarin Jos da Hausa, abin da ta tarar a rumbu shi za ta juya ta bayar. Raguwar nauyin mahaɗi wajen jeri bai kawar da aikinsa na farko ba, wato nuna wa gizo hanyar gidanka.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce bari ya je ya sayi mahaɗai. Akwai masu tallar haka, su ce ka biya su kaza su samo maka dubu a mako guda. Wannan sayen shaidar zur ne, kuma alƙalin ya daɗe da sanin fuskokinsu. A 2011 jaridar New York Times ta tona yadda wani babban kantin Amurka, J.C. Penney, ya mamaye sahun farko ta hanyar dubban mahaɗai daga shafukan da ba su da alaƙa da kayansa, Google ya tunkuɗo shi ƙasa. A watan Afrilu 2012 aka fito da wani sabon tsari mai suna Penguin musamman don farautar irin wannan. Tun 2005 ma aka ƙirƙiro wata alama, nofollow, wadda mai shafi zai liƙa wa mahaɗi don ya ce "na nuna amma ban tsaya masa ba". Irin ta ce Wikipedia ke sa wa mahaɗan da ke fita daga cikinta. Saboda haka cika Wikipedia ta Hausa da adireshin shafinka ba zai ɗaga ka kai tsaye ba. Amfaninta shi ne ɗan jarida ko manazarci ya gan ka a can, ya je ya ambace ka a inda ƙuri'a ke da nauyi.

Abin da nake kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. Sassan Hausa na jami'o'inmu, daga Kano zuwa Zariya zuwa Sakkwato zuwa Katsina, suna zaune a kan shafukan da suka riga suka yi nauyi, domin duniya ta daɗe tana nuna su. Mahaɗi ɗaya daga irin wannan wuri ya fi ɗari daga shafukan da ba a san su ba. Me zai hana kowane sashe ya buɗe fili guda da zai jera ingantattun ayyukan ɗalibai da na marubutan gari, ya nuna su da kalmomin Hausa masu bayyana abin da ke ciki, maimakon "latsa nan"? Kundayen digiri da ke shan ƙura a kan kanta a ɗora su a matsayin rubutu, kada a ɗauki hoton shafi kawai a ce an gama. A kuma daidaita rubutun, domin wanda ya rubuta "ƙasa" da wanda ya rubuta "kasa" da wanda ya rubuta "k'asa" sun raba ƙuri'arsu uku, haka ma mai "Jos" da mai "Jas". Wannan aikin namu ne, ba na 'yan kwamfuta ba.

Ita kanta wannan mujalla da ke hannunka, mai karatu, kwafi nawa ake bugawa, kuma ina na shekaru biyar da suka wuce suke? Ina roƙon hukumar mujallar ta duba yiwuwar ɗora kowace fitowa a intanet, kowace maƙala da adireshinta, ta yadda za a iya nuna ta.

Game da nawa aikin kuwa, na rubuta wa masu shafin da suka kwashe shi. Ban nemi su sauke ba, na ce su mayar da sunana su sa mahaɗi zuwa na asali. Sau biyu ina aikawa ba amsa, a na uku suka sa sunan suka bar mahaɗin. Daga baya wani malaminmu ya ambaci aikin a wata maƙala da ya ɗora a shafinsa, 'yan ajinmu biyu su ma suka nuna shi a nasu. Mahaɗai uku kenan. Da na sake zuba wa Google waccan jimla a makon jiya, nawa ne na biyu, na ɓarawon yana nan a sama.